PS6 da sabuwar Xbox: me ya sa ake hasashen za su yi tsada, kuma a aljihun wa abin zai ƙare?

Masu buga gem suna da wata tsohuwar dabara: in sabuwar na'ura ta fito, kada ka yi rawar jiki, bari ta kwana biyu a kasuwa, farashin zai sauko ya same ka har gida. Dabarar ta daɗe tana ci. PlayStation 2 (PS2) ta kamfanin Sony ta shiga kasuwar Amurka a 2000 a kan dala 300, a 2002 ta koma 200, a 2009 kuwa dala 100 ake sayar da ita. PS4 ta fara da 400 a 2013, bayan shekara uku aka fito da siririyarta a kan 300. (Kamfanoni 299.99 suke rubutawa don farashin ya yi daɗin ji, a nan an cike musu ɗan canjin.)

A kan PS5 ne dabarar ta ci tura. Wanda ya ƙi sayen mai ramin faifai a Nuwamban 2020 a kan dala 500, ya ce sai ta yi araha, a Agustan 2025 ya tarar da ita 550. Na Xbox, na'urar kamfanin Microsoft, ya fi muni: Series X ta fito a 500, a Mayun 2025 ta koma 600, a Oktoba ta kai 650. Na'ura ta shekara biyar a kasuwa, maimakon ta sauko sai hawa take yi. Shi ya sa da an fara zancen na'urorin da za su gaje su, wato wadda jama'a suka riga suka raɗa wa suna PS6 da kuma sabuwar Xbox, ba a tsayawa tambayar ƙarfinsu. Tambayar farko ita ce, nawa?

Har 2025 ta ƙare, daga Sony har Microsoft babu wanda ya yanke farashi, saboda haka duk wata lamba da ta yi ta yawo hasashe ce. Amma hasashe ma iri-iri ne, akwai mai tushe akwai na zaman majalisa.

## Zubi, farashin kwali, da sayarwa da faɗuwa

Abin da ake nufi da sabon zubi shi ne kamfani ya sauya na'urar tun daga ciki, a fara yin wasannin da tsohuwar ba za ta iya ɗauka ba. Sony ta saba yin haka duk bayan shekara shida ko bakwai: PS3 a 2006, PS4 a 2013, PS5 a 2020. Da wannan lissafin ne ake hango 2027 ko 2028, kuma takardun da suka fito a shari'ar Microsoft da hukumar kula da cinikayya ta Amurka a 2023 sun ambaci 2028. PS5 Pro da ta fito a 2024 ba sabon zubi ba ce, tsohuwar ce aka ƙara wa ƙarfi.

Farashin kwali kuwa shi ne wanda kamfani ya sanar. A Amurka ba a haɗa shi da harajin sayayya, sai an zo biya ake ɗorawa, a Turai kuma harajin yana ciki. Wanda bai san wannan ba, in ya ga PS5 Pro dala 700 a Amurka, yuro 800 a Jamus, zai ɗauka duk bambancin cuta ce.

Abu na uku shi ne ginshiƙin maganar. Farashin na'urar gem ba kuɗin ƙera ta ba ne da riba a kai, irin yadda ake yi wa firji ko babur. Sau tari kamfani da gangan yake sayar da ita a kan faɗuwa. Duk wanda ya taɓa sayen dikoda ta tauraron ɗan adam ya san salon: akwatin a ba ka shi kamar kyauta, kuɗin wata-wata ne zai rama. A nan ma haka ne. Mai na'ura yana yankar wajen kashi 30 cikin 100 na duk wasan wani kamfani da aka saya a shagonsa na intanet, ga kuɗin shiga wasa da jama'a ta intanet, ga fad da sauran tarkace. A 2021 wata jami'ar Xbox, Lori Wright, ta shaida wa kotu a shari'ar Epic da Apple cewa Microsoft ba ta taɓa cin riba a kan sayar da na'urar kanta ba. A 2022 shugaban Xbox Phil Spencer ya ce duk na'urar da aka saya, kamfanin ya yafe tsakanin dala 100 zuwa 200 a kanta.

Ke nan tambayar kashi biyu ce: nawa za a kashe wajen ƙera ta, kuma asarar nawa kamfani zai yarda ya haɗiye?

## Saran da Sony ba ta manta ba

A Mayun 1995, a baje kolin E3 na farko a birnin Los Angeles, Sega ta sanar da cewa Saturn ɗinta dala 399 ce. Da aka zo kan Sony, aka kira shugaban sashenta na Amurka, Steve Race, ya zo ya yi jawabi. Ya hau mumbari, ya ajiye takardunsa, ya ce "299", ya kwashe takardun ya koma kujerarsa. Zauren ya kaure da tafi. Dala ɗarin nan tana cikin abubuwan da suka durƙusar da Saturn a Amurka.

Bayan shekara goma sha ɗaya sai reshe ya juye da mujiya. PS3 ta fito a 2006 a kan dala 500 da 600, alhali Xbox 360 tana 300 da 400, Wii ta Nintendo kuma 250. Duk da wannan tsadar Sony asara take tafkawa, don kamfanin bincike na iSuppli ya ƙiyasta cewa ƙera kowace ɗaya yana cin sama da dala 800. Kamfanin da PS2 ɗinsa ta haura miliyan 150 ya koma bin baya a Amurka, bai farfaɗo sosai ba sai 2009 da ya fito da siririyar PS3 a kan 300. A 2013 kuma Microsoft ce ta faɗa ramin: ta sa Xbox One a 500, sa'o'i kaɗan bayan haka Sony ta ce PS4 400 ce.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masu cewa Sony ba za ta kuskura ta kai PS6 sama sosai ba, da wannan tarihin suke kafa hujja. Sai dai akwai abin da ake mantawa: dala 300 ta 1995, in aka auna ta da hauhawar farashi, ta haura 600 a kuɗin 2025. Dala 600 ta PS3 ta haura 900. Ita kanta 500 ta 2020 ta zarce 600. Wato na'urar da za ta fito a kan 600 a 2027, a awon gaskiya ba ta fi PS5 tsada ba. Matsalar ita ce mai saye ba da awon masana yake shiga kanti ba, da abin da ke aljihunsa yake shiga.

## Me ya hana farashi sauka?

Babban dalili yana cikin ƙwaƙwalwar na'urar, ɗan guntun silikon ɗin da ke yin lissafi da zana hoto. Ana buga irinsa da yawa a kan faifan silikon guda, sannan a yayyanka, kamar yadda ake yanka alkaki daga tire ɗaya. A da, duk bayan 'yan shekaru masana'anta kan gano yadda za ta ƙanƙantar da zanen, sai faifai ɗaya ya ba da ninkin abin da yake bayarwa, kuɗinsa kuma bai ƙaru sosai ba. Ƙwaƙwalwa in ta ƙanƙance ba ta shan wuta da yawa, ba ta zafi sosai, sai a rage fanka, a rage akwati, a rage kuɗin dako. Sirrin sirara ke nan. Ta PS3 ta sauko daga nanomita 90 (awon ƙanƙantar zanen ke nan) zuwa 65 zuwa 45, ta PS4 daga 28 zuwa 16, kowane sauyi kuma ya zo da ragin farashi.

Yanzu ana ci gaba da ƙanƙantarwar, amma arahar ta tsaya, saboda kowane sabon mataki yana buƙatar injuna masu tsadar gaske. Masu nazarin masana'antar suna ƙiyasta faifan nanomita 7, irin wanda aka fara yin PS5 da shi a kamfanin TSMC na Taiwan, a wajen dala 10,000, na nanomita 2 kuwa wajen 30,000. Injiniyoyin Microsoft sun hango haka tun 2020. Sun bayyana cewa dalilin fito da ƙaramar Series S a kan dala 300 tun ranar farko shi ne ba sa tsammanin babbar za ta yi araha nan gaba kamar yadda aka saba. Lokaci ya gaskata su.

Sai kuma RAM, ma'ajiyar da na'ura ke ɗora abin da take aiki a kansa a lokacin. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwarta a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka shiga gina manyan rumbunan kwamfuta, sai suka zo da kuɗin da mai ƙera na'urar gem ba zai iya karawa da su ba, masana'antun kuma suka karkata ga mai tsoka. A watannin ƙarshe na 2025 farashin RAM ɗin kwamfuta ya ninka, wani ma fiye da haka. A Disamba Micron ta sanar da cewa za ta rufe Crucial, sashenta mai sayar wa ɗaiɗaikun mutane, don ta fuskanci manyan masu saye. PS5 tana da gigabait 16. Duk wadda za ta gaje ta dole ta fi haka, in ba haka ba ina sabuntar? To ga shi abin da ake son ƙarawa shi ne ya fi komai tashi.

Na uku kuɗin fito ne. Ranar 2 ga Afrilun 2025 Nintendo ta sanar da Switch 2 a kan dala 450, a ranar kuma Shugaba Donald Trump ya sanar da sabon harajin shigo da kaya, ciki har da kashi 46 a kan kayan Biyetnam, inda ake harhaɗa da yawa daga na'urorin Nintendo. Kamfanin ya ɗage karɓar odar Amurkawa daga 9 ga wata zuwa 24, ya bar farashin na'urar yadda yake, ya ƙara a kan fad da sauran tarkace. Na kayan Sin ya taɓa kaiwa kashi 145 kafin a sassauta. A watan Mayu Sony ta ce tana hasashen harajin zai ci mata yen biliyan 100 a shekarar. Wannan dai siyasa ce, tana iya sauyawa da sa hannu ɗaya, ba kamar tsadar silikon ba.

## Masu cewa 600 da masu cewa 800

Ɓangare na farko suna ganin Sony za ta daure ta tsaya tsakanin 550 da 650. Hujjarsu ita ce ribar tana wajen yawan masu na'ura. Zuwa ƙarshen Satumban 2025 an sayar da PS5 sama da miliyan 84, kuma kowane mai ita kwastoma ne na shekaru. In aka sa farashin da zai hana rabinsu ƙaura zuwa sabuwa, kamfanonin wasanni ba za su yi mata wasa na musamman ba, in babu wasa kuma babu mai saye. Suna kuma nuni da alƙaluman kamfanin Circana, wanda ya ce yawan na'urorin da aka sayar a Amurka a Nuwamban 2025 shi ne mafi ƙanƙanta a kowane Nuwamba tun 1995, alhali watan ne na babbar kakar ciniki. A ganinsu kasuwa ta riga ta ce ta gaji.

Ɓangare na biyu suna cewa 700 zuwa 800, ko sama. Tambayarsu mai sauƙi ce: PS5 Pro ta fito a 700 ba ramin faifai, ta koma 750 a 2025, ta yaya wadda ta fi ta ƙarfi za ta zo ƙasa da ita? Suna ƙarawa da cewa abin da ya tilasta wa Sony sauke farashi a 1995 da 2013 kishiya ce, yanzu kuwa kishiyar ta sauya salo. Microsoft da kanta take kai wasanninta kan PlayStation, har da Forza Horizon 5 a 2025. Sannan Switch 2, duk da ƙorafin da aka sha yi kan 450 ɗinta da wasan Mario Kart World na dala 80, ta sayar da sama da miliyan 3.5 a kwana huɗu. Kamfanoni sun ga cewa surutu daban, ƙin saye daban.

Kowane ɓangare yana da inda ya rame. Na farko suna lissafi kamar asarar dala 100 za ta wadatar, alhali in RAM ta ci gaba da tsada giɓin zai fi haka. Na biyu kuma suna auna kowa da masu sayen Pro da masu layin ranar farko, waɗanda dama ba sa tambayar farashi. Miliyan goma na farko ba su ne ke nuna ƙarfin kasuwa ba, miliyan hamsin na bayansu ne.

Akwai masu hango mafita ta tsakiya, wato a fito da iri biyu ko a bambanta farashi bisa ƙasa. An riga an gwada. A Japan, a 2025 Nintendo ta fito da Switch 2 mai harshen Japananci zalla a kan yen 49,980, mai harsuna da yawa kuma 69,980. A Nuwamban 2025 Sony ta bi sahu da PS5 ta 'yan Japan kaɗai a kan yen 55,000. Irin wannan rangwamen na ƙasashen da kamfani yake da shago da ofis ne, kuma ana ɗaure na'urar yadda ba za ta yi daɗin fitarwa waje ba.

## Xbox ta kama wata hanya

Game da Microsoft alamun sun fi fitowa fili. A Yunin 2025 shugabar Xbox Sarah Bond ta sanar da yarjejeniyar shekaru da AMD, kamfanin da ke zana ƙwaƙwalwar na'ura, don ƙera na'urori masu zuwa, ta ce ba za a ɗaure su da shago ɗaya ba. A Oktoba ta siffanta mai zuwan da cewa ta ƙoli ce, ta manya. A watan ne kuma aka fito da ROG Xbox Ally X, ta riƙewa a hannu da aka yi da kamfanin Asus, a kan dala 1,000, aka kuma ɗaga Game Pass Ultimate, tsarin Xbox na biyan kuɗin wasanni wata-wata, daga dala 20 zuwa 30 a wata.

Maganar shagon nan ita ce mabuɗin. In mutum zai iya sayen Xbox ya je ya sayi wasanninsa a Steam, shagon wasannin kwamfuta na kamfanin Valve, kashi 30 ɗin nan ya tafi aljihun Valve. Wa zai ba da dikoda a kan faɗuwa, a je a biya wa wani kuɗin wata? Na'urar da aka buɗe haka dole a sayar da ita kusa da kuɗin ƙera ta, kamar kwamfuta. Ita ma Valve da ta sanar da tata na'urar, Steam Machine, a Nuwamban 2025, ta nuna cewa farashin zai bi na kwamfuta mai irin ƙarfinta, ba na na'urar gem ba. Saboda haka mai jiran a sake karawar farashi irin ta 2013 tsakanin Sony da Microsoft, da alama ba kokawa ɗaya za su shiga ba.

Sony dai abin da ta nuna kaɗan ne. A Oktoban 2025 Mark Cerny, wanda ya jagoranci zana PS4 da PS5, ya fito tare da wani jami'in AMD suna bayanin sabbin dabarun zana haske da matse bayanai, ya ce za su zo a wata na'ura nan da 'yan shekaru. Matse bayanai yana rage wa RAM nauyi, wanda ke nuna inda takalmin ke matsa musu.

## In ta iso Kano ko Maraɗi

Babu ɗaya daga waɗannan kamfanoni da ke yanke farashi da naira. 'Yan kasuwa ne ke ɗauko na'urorin daga Dubai ko Ingila ko Amurka, su ɗora dako da kwastan da ribarsu. Shagon PlayStation na intanet ma ba shi da Nijeriya a jerin ƙasashensa, shi ya sa masu wasa ke buɗe asusu da adireshin wata ƙasa, su riƙa sayen katin kuɗi da dala ko fam.

A nan canji ya fi komai tasiri. A ƙarshen 2020 dala tana wajen naira 480 a hannun 'yan canji, dala 500 ta kama wajen naira 240,000, albashi mafi ƙanƙanta na wata takwas a lokacin da yake 30,000. A Agustan 2025 dala tana wajen 1,500, dala 550 ta kama wajen 825,000, kusan albashin shekara guda ko da aka mai da shi 70,000. Ƙarin da Sony ta yi kashi 10 ne cikin 100, a naira kuwa kuɗin ya ninka fiye da sau uku. In PS6 ta zo a 700 kuma canji yana yadda yake a Agustan 2025, ta haura miliyan ɗaya tun kafin ta hau jirgi. A Nijar lissafin ya fi kwanciya, don sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957: yuro 500 na 2020 sefa 328,000 ne, 550 na bayan ƙarin 2022 kuma wajen 361,000.

Harajin Trump bai shafi kayan da aka ɗauko daga Dubai kai tsaye ba, amma kamfani yakan raba nauyin a kan kowa. Ƙarin da Microsoft ta yi a Mayun 2025 na duniya ne baki ɗaya. Kasuwar na hannu ma tana bin sabuwa: muddin sabuwar PS5 ba ta sauko ba, wanda ya yi amfani da tasa a Landan ba shi da dalilin karyar da ita, mai PS4 ma haka. Ga kuma batun faifai. Pro ta zo ba rami, sai an sayi na maƙalawa a kan dala 80. In sabon zubi ya bi wannan hanyar, musayar faifai tsakanin abokai da sayen na hannu za su ragu, a koma sauke wasan da kan kai gigabait 100 da datar da ake saye da awo.

Mafi yawan matasa a nan ba a gida suke haɗuwa da waɗannan na'urori ba, a gidan gem ne. Shago ɗaya, benci biyu, talabijin uku ko huɗu a jikin bango, janareta na kuka a waje, yara sun yi cirko-cirko suna jiran wanda aka ci ya miƙa fad. Mai shagon da kuɗin wasa ɗaya-ɗaya yake mai da jarinsa, bayan ya cire mai da haya da gyaran fad da ake lalatawa kusan kullum. A ɗauka, don misali kawai, naira 200 yake karɓa a wasa: na'urar miliyan ɗaya sai an buga wasa 5,000 a kanta kafin ta biya kuɗin kanta, ba a sa ko litar mai ɗaya a lissafin ba.

Shi wannan ba ranar fitowar PS6 ce ta dame shi ba, ranar da wasan ƙwallo zai daina fitowa a na'urar da yake da ita ce. A nan tarihi yana ba shi sarari. FIFA 14 ta fito a kan PS2 a 2013, shekara bakwai bayan zuwan PS3. FIFA 19 ta fito a kan PS3 a 2018, shekara biyar bayan PS4. EA Sports FC 26 ta fito a kan PS4 a Satumban 2025, na'urar tana da kusan shekara goma sha biyu. Gwargwadon tsadar sabuwa, gwargwadon yadda mutane za su daɗe a kan tsohuwa, kamfanonin wasanni kuma inda jama'a suke nan suke kai kayansu. In aka bi wannan sawun, PS5 ɗin da ke jikin bangon shago a yau za ta ci gaba da samun sabuwar ƙwallo har bayan 2030.